Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya (ICAO) Kan Gajiyar Matuƙa da Shekarun Ritaya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a matsayina na wanda ya shafe shekaru yana tsara jadawalin aikin matuƙa jirgin sama, wato mutumin da ke sa sunan wane a jirgin ƙarfe goma na safe, ya sa na wane a na ƙarfe ɗayan dare, sannan shi ya tafi gida ya kwanta. Na bi muhawarar da aka tafka a babban taronku na 2025 a Montreal, inda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta nemi a ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 67, ƙungiyoyin matuƙa suka ja daga, aka kuma tashi dokar tana nan yadda take. Maganar za ta dawo, tunda kamfanoni ba su daina kukan ƙarancin matuƙa ba, kuma ina jin tsoron idan ta dawo za a sake barin jaki a dinga dukan taiki.

Ni ba ni da ja da tsohon hannu. Hukumarka ta ɗaga iyakar daga 60 zuwa 65 a 2006, Japan kuma ta bar matuƙanta suna aiki har shekara 67 a cikin gida tun 2015. Matuƙi Ba'amurke Chesley Sullenberger yana da shekara 57 lokacin da ya yi saukar gaggawa da jirgi a kogin Hudson na birnin New York a 2009, mutum 155 suka tsira da ransu. Duk ranar da yanayi ya ɓaci, hankalina ya fi kwanciya idan na ga sunan dattijo a kujerar kyaftin.

Sai dai hujjar da masu neman ƙari suka fi jingina da ita ita ce gwajin lafiyar da ake yi wa matuƙin da ya haura 60 duk wata shida. Wannan gwaji da rana ake yin sa, a kan mutumin da ya yi barcinsa ya ƙoshi, likita ya duba zuciyarsa da idonsa da jinsa, ya sa hannu. Babu abin da takardar take faɗa game da halin da mutumin zai shiga tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba, lokacin da zafin jiki yake sauka, ƙwaƙwalwa take neman kwanciya ko mai ita ya so ko ya ƙi. Bincike ya daɗe da nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin tunaninsa yakan koma kamar na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa. An kuma san cewa idan shekaru suka ja barci yakan yi sauƙi, ya riƙa tsinkewa, ramuwarsa da rana ta yi wuya, sabawa da bambancin lokaci tsakanin ƙasashe ya ƙara jinkiri.

Na gani da idona. Wani kyaftin da nake girmamawa ya tsaya a gaban teburina wajen ƙarfe ukun dare, a darensa na uku a jere, yana duba adadin man da za a zuba wa jirgi. Ya karanta lambar, ya cire tabarau ya murza ido, ya sake karantawa, sannan ya tambaye ni abin da ke rubuce a gabansa. A takarda hutunsa ya cika cif. A zahiri ya kwanta ne da hantsi a ɗakin otal, hasken rana yana ratsa labule, ma'aikata suna jan injin shara a bakin ƙofa.

Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya duba takardar haihuwa. Kyaftin ɗin jirgin Air India Express da ya zarce titin sauka a Mangalore ta ƙasar Indiya da sassafe a watan Mayun 2010, mutum 158 suka mutu, shekararsa 55, kuma masu bincike sun gano ya yi barci mai nauyi a yawancin tafiyar daga Dubai, bai gama wartsakewa ba ya shiga sauka. A Janairun 2024 matuƙa biyu na Batik Air a Indonesiya suka yi barci tare na minti 28, ɗaya ɗan shekara 32, ɗayan ɗan 28 da ke da jarirai tagwaye a gida. Duk cikinsu babu wanda dokar ritaya ta shafa, ko a 60 take ko a 67.

Ga kuma jiragen dakon kaya, waɗanda aikinsu kusan duk na dare ne. Bayan haɗarin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, wanda ya ci rai 50, Amurka ta kafa dokar hutun awa goma kafin aiki, ta fara aiki a 2014, amma aka cire matuƙan kaya daga cikinta, alhali jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Birmingham ta jihar Alabama kafin ƙarfe biyar na asuba a 2013, aka kuma ambaci gajiya cikin dalilan faɗuwarsa.

Roƙona gare ka, Yallaɓai, shi ne kafin a sake ɗora batun 67 a kan tebur, ka nemi ƙasashe 193 da ke hukumarka su tattara bayanan gajiyar dare bisa shekarun matuƙa, musamman ƙasashen da dattawa ke tuƙi bayan 65, domin a yanke hukunci a kan abin da aka auna. Idan za a yi ƙarin, a ɗaure shi da iyakar dararen da za a yi a jere da tsawon hutun da zai biyo baya, na fasinja da na kaya duka ɗaya. Bayanan ma ba za su yi daraja ba sai an kare matuƙin da ya ce ya gaji daga tuhuma da yankan albashi, domin na san yadda ake kallonsa a ofis. Ni kaina na sha ɓata rai a waya idan wani ya faɗi haka saura awa biyu jirgi ya tashi, kuma kyaftin ɗin nan da na ba ka labari ya san da haka, shi ya sa a daren ya sa hannu ya wuce.

Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Tsohon jami'in tsara jadawalin matuƙa