Dillancin intanet yana buƙatar mai riƙe lissafi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan sana'ar da matasanmu na Garwa da Marwa suke yawan ji a waya, wato tallata kayan wani a intanet don a ba mutum la'ada. Tsarin ba sabo ba ne, domin kamfanin Amazon ya fara nasa tun 1996: ana ba kowane mai talla mahaɗi na musamman, wato adireshin intanet da ake latsawa, duk wanda ya bi ta nan ya sayi kaya, na'ura ta rubuta cewa cinikin nasa ne.

Abin da yake damuna shi ne kowa yana son ya zama mai talla, ba wanda yake tunanin zama mai kula da masu tallan, alhali nan ne aikin dindindin yake. Wannan mutum shi yake zaɓar dillalai, ya tsayar da la'adar kowane kaya tare da mai shago, ya duba ko cinikin da aka rubuta na gaske ne ko an mayar da kayan, sannan ya biya kowa a kan lokaci. Duk wanda ya ga yadda maigida yake tsayawa tsakanin mai shanu da mai saye a kasuwar dabbobi ya san cewa amanarsa ce jarinsa.

Tun da Jumia, kasuwar sayar da kaya ta intanet, ta rufe kasuwancinta a Kamaru a 2019, yawancin cinikin da nake gani a nan ta WhatsApp da Facebook ake yin sa. Mai takalman fata a Marwa zai ba 'yan mata biyar hotunan kayansa, kuɗi su shigo ta Orange Money ko MTN MoMo, a ɗora kaya a motar Ngaundere, amma ranar biyan la'ada sai gardama ta tashi, saboda ba a rubuta wadda ta kawo mai sayen ba. Yaron da ya iya manhajar lissafi ta Excel, ya ba kowace dillaliya lambarta, yana kuma jin Faransanci da Fulatanci da Hausa, zai raba wannan gardama, kuma ya cancanci albashi.

Sai dai wajibi ne a bambanta wannan da masu cewa ka biya kuɗin rajista ka kawo mutum biyu. Inda babu kayan da ake sayarwa, kuɗin sababbin shiga ne ake ba waɗanda suka riga su, kuma hakan zalunci ne.

Ina kira ga Jami'ar Marwa da ta Garwa su shirya gajerun kwasa-kwasai kan wannan aiki, 'yan kasuwarmu kuma su ɗauki ɗaliban a shagunansu don gwaji ko da na wata uku ne.

Naku,
Wani mai karatu daga Garwa