Masu Tsohuwar Kwamfutar Gem, a Kula da Zafi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in ja kunnen 'yan uwana masu son ƙara wa tsohon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu.

Nawa i5-2500K ne na 2011, na tura shi daga 3.3GHz zuwa 4.4, to fa zafi sai abin da ya yi gaba. Wallahi ba sai ka sayi kula (na'urar sanyaya furosesa) mai ruwa ba, irin su Hyper 212 mai bututun jan ƙarfe 4 da fanka 120mm ta ishe ka in dai ba ka zabga wa furosesan wutar lantarki da yawa ba, ai ita ce uwar zafin. Amma fa ka auna akwatin kwamfutarka tukuna, tsayin kular ya kusa 160mm, ni sai da na gama ɗaurawa ina murna murfi ya ce bai san zancen ba. A duba soket ma, wato gurbin da furosesa ke zama, ko kular za ta hau, nawa LGA1155 ne.

Naku,
Wani mai karatu