Makaɗin da ya ajiye ganga ya shiga kicin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a ta masu rubuta labaran nishaɗi, wato da zarar makaɗi ya sauka daga dandamali ya kama wata sana'a, sai a riƙa ba da labarinsa cikin tausayawa, kamar wanda duniya ta juya wa baya. Rayuwar Brooks Headley, wani Ba'amurke ɗan jihar Maryland, ta isa ta nuna cewa wannan fahimta ba daidai ba ce.

A shekarun 1990 Headley shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyoyin Universal Order of Armageddon da Born Against, waɗanda ke yin wani reshe na kiɗan rok da ake kira punk, mai sauri da hayaniya, wanda akasari a ƙananan ɗakuna ake yin sa, kuma ba ya kawo wani kuɗin a zo a gani. Bai taɓa shiga makarantar koyon girki ba. A bakin aiki ya koya, bayan ya sami gurbi a wani gidan abincin Italiya mai suna Galileo a birnin Washinton, inda aka sa shi a sashen kayan zaƙin da ake ci bayan abinci. Sannu a hankali ya kai ga zama shugaban wannan sashe a Del Posto, ɗaya daga cikin gidajen abinci mafi tsada a New York a wancan lokaci, kuma a 2013 ya lashe kyautar James Beard, wadda masu girki a Amurka ke ɗauka da matuƙar daraja.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin da ya ɗauka bayan haka. A 2015 ya bar wannan babban matsayi ya buɗe Superiority Burger, wani ɗan ƙaramin shago a unguwar East Village ta New York wanda kujerunsa ba su taka kara sun karya ba, yana sayar da boga, wato burodin da aka saba sa nama a tsakiyarsa, amma tasa babu nama a cikinta ko kaɗan, sai hatsi da wake da kayan lambu, a farashin da ɗalibi ma zai iya biya. A ganina, a nan ne makaɗin ya sake bayyana, domin masu kiɗan punk sun ginu ne a kan yin komai da hannunsu, da saukaka kuɗin shiga, da ƙin jiran amincewar manyan kamfanoni. Hatta aikin kansa bai yi nisa da ganga ba, tun da makaɗin ganga a baya yake zama yana riƙe da lokaci domin sauran su tafi daidai, haka kuma mai haɗa kayan zaƙi ba ya wasa da awo ko da minti guda.

Mutane sun yi ta yin layi a ƙofar shagon, har a 2023 ya koma wani wuri mafi girma a titin Avenue A, cikin unguwar da ya fara.

Naka,
Wani mai karatu