A fara tsare ruwan da Gubi ke turowa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan ruwan famfo a garin Bauchi. Duk sanda bazara ta kama, daga Maris zuwa Afrilu, kukan da ake yi ɗaya ne: a ƙara injuna a Dam ɗin Gubi. Ba na musun haka. Amma ruwan da aka riga aka tace, aka kashe masa alum da kulorin da kuɗin wuta, mai yawa daga cikinsa a kwata yake ƙarewa, kuma gyaran wannan ba ya buƙatar kwangila.

Babbar ɓarnar tana kan tankunan sama. A zagaya Jahun ko Fadaman Mada da asuba ranar da aka saki ruwa, za a ga tanki yana ambaliya, ruwa na bin bango har ya yi gansakuka, masu gida na barci. Abin da ya rasa shi ne fulot, bawul ɗin nan mai ƙwallo da ke rufe bakin bututu idan tanki ya cika. Idan bututun rabin inci na zubar da lita 10 a minti, cikin awa ɗaya lita 600 ta tafi, jarka 24 ke nan mai lita 25. Wani lokaci fulot ɗin yana nan, amma yashi ya maƙale a bakinsa, ko ƙwallon ya huje ya sha ruwa ya nitse. A rufe ruwa daga mashiga, a kwance shi, a wanke. Idan an girgiza ƙwallon an ji ruwa a ciki, a sake sabo. Ya kamata hukumar ruwa ta ƙi jona duk gidan da tankinsa ba shi da fulot.

Famfo mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa kuwa yana cin kusan lita 20 a yini. Roba ce ta cinye, canza ta minti biyar ne. Mai masai na zamani ya zuba bula a tankin masai, ya jira minti 15 bai ja ba. In shuɗi ya bayyana a cikin kwanon masai, robar gindin tankin ta saki.

Gidan da ke da mita ya fi kowa sauƙin gane yoyon ɓoye: a rufe dukkan famfuna lokacin da akwai ruwa, a rubuta lambar, a dawo bayan awa biyu. In ta motsa, akwai yoyo a wani wuri, wataƙila a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa nake roƙon a yawaita mita. Wanda ke biyan kuɗin bai-ɗaya a wata, ya sha ko ya zubar duk ɗaya ne a wurinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bututun da ake bi da su ta cikin lambatu, a fili, mashin da kura na takawa, in ya tsage a ɗaure da robar tayar keke. Idan akwai ruwa yana fita ta nan. Idan an ɗauke, bututun kan zuƙo ƙazanta ta wannan tsagar, ita ce kuma ke fara zuwa gida ranar da ruwa ya dawo. Ta irin wannan hanya amai da gudawa ke shiga unguwa. Masu ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a bututun hukuma suna ƙara wannan zuƙar, suna kuma hana na ƙarshen layi samun ko ɗigo. Bututun gida a binne shi aƙalla ƙafa biyu, inda zai tsallaka lambatu a zura shi cikin bututun ƙarfe, ya bi ta sama.

Hukuma ta ba kowane mai unguwa lambar da za a kira idan bututu ya fashe, ta kuma faɗa a rediyo cikin kwana nawa ma'aikatanta za su iso.

Naka,
Mai gyaran famfo, Bauchi