Shanya Takunkumi a Rana Ba Ya Kashe Ƙwayoyin Cuta Kamar Fitilar UV-C

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin abokan aikina ma'aikatan jinya da hukumomin lafiya na Jihar Sakkwato kan wata al'ada da ta samo asali tun lokacin korona, wato shanya takunkumin N95 (takunkumin asibiti mai tace ƙwayoyin cuta daga iskar da ake shaƙa) a rana domin a sake amfani da shi, bisa zaton cewa zafin ranarmu ya isa ya tsarkake shi.

Zancen yana da tushe, amma an karkatar da shi. A shekarar 2020, lokacin da takunkumi ya yi ƙaranci a duniya, asibitin Jami'ar Nebraska da ke Amurka ya riƙa rataye takunkuman ma'aikatansa a wani ɗaki na musamman yana haska su da fitilun UV-C, wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254, wanda ke lalata ƙwayar halittar cuta har ta kasa hayayyafa. Sai dai wannan nau'in haske ba ya isowa gare mu daga rana, domin iskar ozon da ke sararin sama tana tare shi. Ko a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke ƙuna kamar tanda, abin da rana za ta yi wa takunkumin shi ne ta busar da gumin da ke jikinsa, ta kuma sassauta robar da ke ɗaure shi, ga ƙurar da za ta sauka a kansa.

Ita kanta fitilar tana da sharuɗɗa masu tsauri. Hasken a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana, saboda haka duk lungun da ya faɗa inuwa yana nan da cutarsa, kuma dole a haska ciki da waje. Masana sun ce sai kowane murabba'in santimita ya sami aƙalla jul 1 (ma'aunin makamashi ne) na hasken, wanda ba a sanin ya cika sai da na'urar awo, balle a inda wutar lantarki ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Takunkumin da jini ko majina ya taɓa kuwa, ko wanda ya daina kama fuska, na yarwa ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙananan fitilun hannu da ake tallatawa a intanet, waɗanda wasunsu shuɗin haske kawai suke bayarwa, na gaskiyar kuma suna ƙona ido da fata.

Ya kamata a tuna cewa dabarar haska takunkumi da fitila ta lokacin ƙarancin kaya ce, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta daina ba da shawarar yin ta a 2021 da takunkumi ya wadata. Mu da ke jinyar masu tarin fuka da mashaƙo, buƙatarmu ta farko ita ce Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta tanadi isassun sababbin takunkumai. Idan kuma za a ajiye fitilun domin ranar larura, a sa su a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da na'urar awo, da wutar sola, da ma'aikacin da aka horar, kuma kowa ya rubuta sunansa a takunkuminsa domin nasa ya dawo masa.

Wassalam.

Wani ma'aikacin jinya,
Sakkwato.