Wasiƙa zuwa ga masu jiragen saman da ke hannunmu

Assalamu alaikum iyayen gidanmu da abokan hulɗarmu na Jos, Abuja, Kaduna da sauran wurare.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, da iyali, da sanyin bana. Na so a ce a rumfarmu ta gyaran jiragen sama muka yi wannan magana, ana shan shayi ana kallon jirage kamar yadda muka saba ranar Asabar. To amma zance ya riga ni fita. Ya je Abuja ya zaga, ya dawo mana ɗauke da kayan da ba mu ɗora masa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta da idonsa.

Kuɗin aikinmu zai tashi daga farkon wata mai zuwa, kuma jirage 3 da ke rumfa ba za su tashi a ranar da muka yi wa masu su alkawari ba. Wannan gaskiya ne, kuma ina ba da haƙuri. Amma batun wai mun rufe, ko wai muna sayar da kayan aiki a ɓoye, wallahi babu shi. Wanda ya ga an fitar da tsohuwar kwamfiresa a bayan akori-kura, gyara aka kai ta, kuma ta dawo.

Bari in fara da mai, domin nan ne aka fi yi mana mummunar fahimta. Wani bawan Allah ya ce mini a waya: “Injiniya, ai yanzu matatar Dangote tana fitar da man jirgi, me ya sa kuke ta kuka?” Ranka ya daɗe, wanda ake fitarwa Jet A-1 ne, dangin kananzir, abincin manyan jiragen fasinja. Tsofaffin jiragen alkafura irin naku, masu wasan juyi a sama, injin fistin gare su, kamar na mota, kuma abin da suke sha shi ne 100LL, shuɗin man nan mai ɗan sinadarin dalma a ciki. Daga waje ake kawo shi a cikin duro mai lita 200, ya sauka Legas, ya kwana a tashar jiragen ruwa, sannan ya hau mota ya yi doguwar tafiyar nan har saman Filato. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma tushen kuɗin dala ne. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga kuɗin mota da ya tashi bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Mun daɗe muna haɗiye bambancin muna cewa gobe za ta yi kyau, har abin ya fi ƙarfin maƙogwaro.

Kuma ku tuna yadda jiragen nan suke shan mai. Inji mai ƙarfin doki 200 yana shan lita 40 ko fiye a awa ɗaya, in kuwa ana juyi ana hawa ana sauka da cikakkiyar wuta, ya wuce haka. Duro guda bai kai ka awa 5 a sama ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da dillalinmu na Legas ya yi mana. Ba zan kama suna ba, mun ci gishirin juna shekaru. Mun biya shi kuɗin duro 12 tun ƙarshen damina, kuɗi a hannu. Yau kwastan, gobe mota ta lalace a hanya, jibi waya a kashe. Da kayan suka iso bayan mako 9, duro 8 ne, kuma biyu daga ciki hatiminsu a taɓe. Na sa babban yaronmu ya zuƙo daga ƙasan ɗaya a cikin kwalbar gwaji, muka ɗaga ta a hasken ƙofar rumfa. Shuɗin mai a sama, a ƙasa kuwa ga ruwa kwance, fari tas, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, da ɗan jan tsatsa yana yawo a tsakani. Yaron ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan. Muka shafa wa duro biyun jan fenti muka gangara da su bayan rumfa, suna nan har yau ga mai son gani.

Wani zai ce ai ruwa a ƙasa yake zama, a tsiyaye shi mana. A jirgin da ke tafiya miƙe ma ba a wasa da wannan, balle na alkafura. A tankin Pitts, ƙaramin jirgin alkafurar nan, akwai wani tiyo mai nauyi a baki, wanda ke bin mai duk inda ya kwanta, don kada inji ya ji ƙishirwa in jirgi ya kife. Inda mai ya taru nan ruwa yake taruwa, kuma shi ne a ƙasa. Kenan bakin tiyon ruwan zai fara sha. Inji ya yi tari mutum yana kife, kai ƙasa ƙafa sama, a kan duwatsun Shere, me zan je in faɗa wa iyalinsa?

Haka batun fetur ɗin mota, wanda mutum biyu suka kawo mini shawararsa da kyakkyawar niyya. Na san akwai ƙananan injuna da aka yarda su sha shi a wasu ƙasashe, da takardar izini. Naku ba sa ciki. Injin Lycoming mai doki 200 an ƙera shi ne don mai mai ƙarfin oktan 100, fetur ɗin gidan mai bai kai nan ba. Sannan fetur ɗin mota yana saurin zama tururi a cikin bututu in an yi sama ko in inji ya yi zafi, mai ya yanke. Mu kuwa tun a ƙasa muna sama: filin jirgin Yakubu Gowon da ke Haifan ya haura ƙafa 4,000 daga teku, kuma inji irin wannan yana asarar wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Tun kafin taya ta bar ƙasa an ci ka kusan kashi 12, da zafin watan Maris kuwa abin ya fi haka. A wannan hali ba zan ƙara wa inji wata lalura ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai kayan gyara. Nan ma ana ganin kamar mu ne muke jan ƙafa. Ko ƙusa ɗaya ba ma ɗaura wa jirgi sai da takardar shaidar ingancinta, ko Form 8130-3 ta Amurka ko Form 1 ta Turai, domin ranar da jami'an NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, suka zo duba littafin jirgi don sabunta takardar lafiyarsa, ita za su nema, kuma suna da gaskiya. Na yi zaman Kaduna, na san babu abin da kasuwar Panteka ba za ta ƙera maka ba, kuma ina girmama mutanen wurin, amma ba a nan ba. Maganeto, mai ba fulogin inji wuta, ana buɗe shi a duba duk awa 500. Baƙin mai ana juye shi duk awa 50 ko wata 4, wanda ya riga zuwa. Kamfanin Lycoming da ke Williamsport a jihar Pennsylvania ya ce inji in ya shekara 12 a sauke shi a yi masa garambawul ko da awoyinsa ba su cika ba, domin roba tana bushewa, ƙarfe yana tsatsa. Ba ni na rubuta waɗannan ƙa'idoji ba. Silinda 2 da muka yi oda tun kafin babbar Sallah har yanzu amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri. Mai jirgin Yak-52 kuwa ya fi kowa sanin halin da ake ciki: injinsa M-14P ne mai silinda 9, ƙirar Rasha, kuma tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kayansa sai an bi ta hannu uku ko huɗu kafin a same su, kowane hannu da ladansa.

Jan Pitts ɗin nan da ake ta magana a kansa, wai mun riƙe shi wata 7 muna tatsar mai shi, na nemi izinin Alhaji mai jirgin kafin in faɗi abin da ya faru, ya ce in faɗa. Duba na shekara aka kawo shi. Jirgin nan gangar jikinsa bututun ƙarfe ne, fukafukansa katako, an lulluɓe su da yadi an ɗinke da zare a kan kowane haƙarƙari. Ina bin fiffiken ƙasa na hagu ina ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, sai na ji wani wuri ya amsa daban, kamar ƙwaryar da ta tsage. Na sa fitila da madubi ta ramin dubawa, ban gamsu ba, na yanka yadin. Haƙarƙari 3 gam ɗinsu ya saki, kuma ga wani siririn layi kamar gashi a jikin babban katakon, kusa da inda wayoyin ɗauri suke kamawa. Jirgi ne da aka ƙera a ƙasa mai laima, ya zo yana shan damina da hunturun Jos, katako ya kumbura ya tsuke, ya kumbura ya tsuke, shekara da shekaru. Kuma fiffiken nan shi ne ke ɗaukar nauyin jirgi har ninki 6 in an ja shi da ƙarfi. Katakonsa na itacen sifurus ne na gaɓar Alaska da yammacin Kanada, mai miƙaƙƙen zare, ba wanda za ka shiga kasuwar Katako ka ce a yanko maka ba. Zuwansa kaɗai ya ci wata 4. Da na rufe ido na shafa fenti na sa hannu, da Alhaji ya ɗauki jirginsa cikin mako 2 yana sa mini albarka, kuma da ba wanda ya zage ni a Abuja.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Hannun nan a kan jirgin Bulldog ya koyi aiki, a Kaduna, lokacin da sojan sama ke horar da matuƙa da shi, kuma ina nan aka kawo Air Beetle da aka harhaɗa a garin ya gaje shi. Tun daga wancan lokaci har yau ba a taɓa cewa jirgin da na sa wa hannu ya dawo da matsalar da na gani na yi shiru ba. Na ji wasu suna shirin kwance fukafukan nasu su sa a kwantena su kai Afirka ta Kudu. Jirgi na mai shi ne, kuma can ɗin akwai gwanaye, ban musa ba. Ku dai lissafa kuɗin kwantena zuwa da dawowa, sannan ku tambaya ko a can akwai wanda ya san zanzaro yana iya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun awon gudu tsakanin Juma'a da Litinin. Mu mun sani, don sau nawa muna ciro shi.

Mai rumfar da muke haya shi ma ya ƙara kuɗi, kuma yana son na shekara 2 a dunƙule. Wannan tsakaninmu ne da shi, muna magana.

Game da abin da muke yi, muna nan muna ƙoƙari ta kowace fuska. Muna tattaunawa da wasu mutane a kan wata hanyar samun mai, akwai kuma wani tsari da muke dubawa na kayan gyara wanda in Allah ya yarda zai rage jira. Ba na son in faɗi rana in sake saɓawa. Sabon farashi zai zo wa kowa a rubuce, kuma wanda ya riga ya ba da kuɗin aiki za mu zauna da shi mu ga yadda za a yi. Jiragen da ke zaune mun zuba musu man adana inji mun toshe ƙofofinsu saboda tsatsa da ƙurar hunturu, kada hankalin kowa ya tashi a kan wannan.

Akwai waɗanda ba zan rufe takardar nan ban gode musu ba, sun san kansu. Kyaftin ɗinmu na Rayfield, wanda ya kawo mana jirginsa tun muna aiki a ƙarƙashin tamfol da akwatin sifana ɗaya, shekara 16 kenan, bai taɓa kai shi wani wuri ba. Hajiya da ta riƙe jirgin marigayi maigidanta, Allah ya jiƙansa, ba ta tuƙi, amma duk shekara sai ta biya a duba shi, ta zo da jikoki su zauna a ciki a ɗauke su hoto. Likitan Abuja da ya biya wa yaranmu 2 kuɗin karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ya kuma hana ni faɗa, yau dai na faɗa, a yafe mini. Da Baba na Bukuru, wanda shekarar da ƙanƙara ta huda mana rufi ya aiko da kwano bandir 3 tun kafin mu buɗe baki. Da Alhaji mai jan Pitts, wanda da na nuna masa tsagar nan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Injiniya, yi abin da ya dace.” Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Mutum 9 ne ke cin abinci a rumfar nan, kowa da iyalinsa, kuma tun da abin nan ya fara ban sallami ko ɗaya ba. Ina roƙon wanda yake da ƙorafi ya kawo mini shi kai tsaye kafin ya kai dandalin WhatsApp. Wanda kuma ya yanke shawarar ɗauke jirginsa, littattafansa a cike suke, za mu miƙa masa su da hannu biyu, mu taya shi lodi.

Ranar Asabar ina rumfa daga ƙarfe 8 na safe har la'asar. Fiffiken Pitts ɗin yana kan benci a buɗe, ba mu rufe shi da yadi ba tukuna, duk mai so ya zo ya sa fitila ya gani.

Naku,
Shugaban injiniyoyi, a madadin dukkan ma'aikata
Jos