Ɗige-ɗigen Tsofaffin Hotunan Kwamfuta Ba Lalacewa Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan tsofaffin hotunan baƙi da fari da aka ɗauka da sikana daga shekarun 1980 zuwa farkon 1990, waɗanda har yau ake tsintarsu a tsofaffin faifan fulofi. Matashi zai buɗe irin wannan hoton a wayarsa, ya ga fuskar mutum ta cika da ɗige-ɗige, ya ce ai fayil ɗin ya lalace, ya goge. Wani kuma ya miƙa shi ga manhajar gyaran hoto, ta fito masa da wata fuska sumul wadda mai hoton bai taɓa mallaka ba. Na yi aikin shirya shafuka da kwamfutocin wancan zamani, kuma shaidata ita ce hotunan nan lafiyarsu ƙalau. Haka aka yi su tun farko, kuma da dalili.

Da IBM ta fito da kwamfutarta ta PC a 1981, katin allonta mai launi ɗaya ba ya nuna hoto sam, sai haruffa, 80 a kowane layi, layi 25. Ɗaya katin, wato CGA, yana iya ɗigo 640 a kwance da 200 a tsaye, launi biyu kacal. Katin Hercules na 1982 ya kai 720 da 348. Kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple ta 1984 kuwa ɗigo 512 da 342 gare ta, a kan allo mai inci 9. A duk waɗannan, ɗigo ko dai yana kunne ko yana kashe, babu tsaka-tsaki. Alhali hoton mutum kusan dukkansa ruwan toka ne: kumatu, inuwar ƙarƙashin hanci, ninkin riga.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa na'urar duk abin da ya fi rabi duhu ya zama baƙi, saura fari. Wannan ya yi wa rubutu da zane daidai. Amma ka gwada shi a fuskar baƙin mutum, sai ka ga dunƙulen baƙi da fararen idanu biyu, in ya yi murmushi a ƙara haƙora. Mu da yawancin hotunan da ke zuwa hannunmu na baƙar fata ne, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Mafitar ita ce a yaudari ido. Inda ake son toka mai duhu sai a cunkusa baƙaƙen ɗigo, inda ake son mai haske sai a warwatsa su. Robert Floyd da Louis Steinberg sun wallafa dabararsu a 1976: kwamfuta ta dubi ɗigo, ta yanke masa hukuncin baƙi ko fari, sannan ragowar duhun ko hasken da hukuncin ya danne ta raba wa maƙwabtansa huɗu da ba a kai gare su ba tukuna, kashi 7 cikin 16 ga na dama, sauran ga uku na layin ƙasa. Bill Atkinson na kamfanin Apple ya yi tasa, wadda ke raba kashi uku cikin huɗu kawai, ta watsar da ragowar. Hotunansa sun fi fitowa tas, shi ya sa masu Macintosh ke yabonsu, amma wurare masu duhu sosai sukan rufe su zama baƙi ƙirin. Ni dai a kan fuskokin mutanenmu na fi amincewa da ta Floyd da Steinberg, kuma ko da ita sai mun ƙara haske tun kafin a ɗauki hoton da sikana.

Wanda bai zauna gaban allon Hercules ba zai yi wuya ya gane yadda kallon yake. Allon ba fari ba ne, kore ne ko ruwan ɗorawa, saboda haka "farin" hoton kore ne mai walƙiya. Ka buga sunan fayil, faifai ya yi gurnani, hoton ya fara saukowa layi-layi daga sama: hula, goshi, gira, sai ido. In ka sa hanci kusa da gilashin ba ka ganin komai sai kamar kiyashi sun taru a wuri guda. Ka jingina baya, ka ɗan kanne ido, sai ga mutum ya bayyana har da annurin fuskarsa. Duk wanda ya shigo ofis ya ce ba ya ganin komai, ce masa muke ya koma bakin ƙofa ya sake dubawa.

Ga kuma matsalar tsawo. Ɗigon Macintosh murabba'i ne, tsawonsa daidai da faɗinsa. Na Hercules ya fi tsawo da kusan rabi, na CGA kuwa tsawonsa ya ninka faɗinsa har da ɗoriya. Hoton da aka yi a Macintosh in ya zo kan PC sai fuska ta miƙe, gajere mai ƙiba ya koma dogo siriri. Shafin MacPaint, manhajar zane ta Macintosh, kuma ɗigo 576 ne da 720, ba ya shiga allon gaba ɗaya, sai ka riƙa danna kibiya kana gangarawa, ka ga kai yanzu, ƙirji an jima.

Ɗaukar hoton ma aiki ne. ThunderScan ta masu Macintosh wata 'yar na'ura ce da ake cire ribon ɗin firintar ImageWriter a sa ta a gurbinsa, firinta ta riƙa kai da komo tana karanta takarda maimakon bugawa. Sikanar tebur irin ScanJet ta HP, wadda ta fito a 1987, ba kowa ke da ita ba. Abin da ya fi yawa a hannun mutane shi ne sikanar hannu irin ScanMan ta Logitech, mai faɗin kamar inci 4. Da hannu ake jan ta a kan hoton. In hannunka ya karkace hanci ya karkace, in ka yi gaggawa ta tsallake layuka goshi ya gajarce. Mukan aza littafi mai kauri a gefe ta bi jikinsa, mu riƙe numfashi har a kai ƙasa.

Mai tambaya zai ce me ya hana a ajiye tokar yadda take? Lissafi ne ya hana. Takardar A4 a ɗigo 300 kowane inci ta kai ɗigo miliyan 8.7. In baƙi da fari ne zalla, ta ɗan haura megabait 1. In da matakan toka 256 ne, ta doshi megabait 9. Kwamfutar PC mai aiki da manhajar DOS kuwa iyakar ƙwaƙwalwarta kilobait 640, faifan fulofi mai inci 5.25 yana ɗaukar kilobait 360. Cikakken shafin MacPaint kilobait 50 ne da ɗan kai kafin a matse shi, kuma modem, na'urar aika bayanai tsakanin kwamfutoci, mai gudun 2400 sai ya haura minti uku yana jawo shi ta layin tarho. Sai da katin allo na VGA ya zo a 1987 da matakan toka 64, kamfanin CompuServe ya fito da tsarin fayil ɗin hoto na GIF a shekarar, tsarin JPEG ya biyo baya a 1992, sannan aka fara barin ɗige-ɗige.

Abin da ke sa hotunan muni a yau shi ne allon zamani. Waya ba ta nuna ɗigo ɗaya a gurbin ɗigo ɗaya. Tana faɗaɗa hoton ko ta tsuke shi ya dace da allonta, tana cakuɗa maƙwabtan ɗigo, sai wasu layuka da raƙuman ruwa su fito waɗanda babu su a asali. In aka tura shi ta manhajar da ke mayar da hoto JPEG, ya ƙara dagulewa. Maganin ba wuya. A buɗe fayil ɗin, PCX ne ko TIFF ko GIF, da manhaja irin GIMP ko IrfanView. A faɗaɗa shi da cikakken ninki, biyu ko uku ko huɗu, a kashe zaɓin da ke sulɓe ɗigo, a ajiye shi a PNG. In fuskar ta fito a baje, alama ce an yi hoton don CGA ko Hercules, sai a ƙara masa tsawo. Wanda kuma hoton takarda na asali ke hannunsa, ya sake ɗauka da sikanar yau, domin tokar da aka watsar a wancan lokaci ba ta cikin fayil ɗin, duk abin da manhaja ta cike gurbin da shi zato ne.

Roƙona gare ka, Edita, ya shafi ɗakin shirya shafukanku. Injin buga jarida shi ma da nasa ɗige-ɗigen yake fitar da toka, kuma in aka ɗora su a kan na tsohon hoto sai su yi karo, fuska ta fito da zanen raga. Duk ranar da wani mai karatu ya aiko muku da irin wannan hoton, ku sa masu shirya shafi su ɗauke shi a matsayin zanen baƙi da fari zalla, kamar zanen barkwanci, kada su tsuke shi don ya shiga ɗan lungu. Gara a ba shi faɗin ginshiƙi biyu ko a bar shi sai wani makon.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani tsohon mai shirya shafuka